Ba a Yamai kaɗai ake haihuwar ƴan ƙwallo ba

A watan Mayun 2019, a birnin Abijan, ƴan matan Najeriya suka zura wa namu na Nijar ƙwallo 15 babu ko ɗaya, a gasar ƙasashen Afirka ta Yamma. A Oktoban 2021 kuma Kodebuwa ta ci mu 9 a wasan farko, 11 a na biyu, wajen neman gurbin gasar cin kofin Afirka. Duk sanda irin wannan sakamako ya fito, magana ɗaya za ka ji a fadojin samari da majalisun dattawan Diffa: a rufe wannan harka, asarar kuɗi ce, matanmu ba su iya ba, su daina kunyata ƙasa. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Malamar motsa jiki ce ni a wata kolej ta garin nan, kuma aikina yana nuna mini abin da mai jin sakamako a rediyo ba ya gani. Tun kafin a hau jirgin Abijan aka ci mu waɗannan ƙwallaye. An ci mu su ne a filayen makarantun Diffa da Maine Sorowa da N'Gigmi da Gudumariya, inda yarinya ke shigowa siziyam da ƙafa mai kyau, ta kai katiriyam ba wanda ya taɓa rubuta sunanta a takardar wata ƙungiya, daga nan ta ajiye, shi ke nan.

Bari in ba da labarin guda, ba da suna ba, don ƴar mutane ce. Iyayenta mutanen bakin kogi ne daga wajen Geskeru, cikin waɗanda tashin hankali ya kora suka kafa bukkoki a gefen kwalta, kafin daga baya su samu matsuguni a bayan gari. Ranar da na fara raba ajinsu biyu na jefa musu tamola, sauran suka yi abin da yara ke yi, kowa ta bi ta a guje, ƙura ta turnuƙe, sai ihu. Ita kuwa ta ja gefe ta tsaya inda ba kowa. Ta cusa bakin hijabinta cikin ɗaurin zane, ta cire silifa ta ajiye a gindin bedi. Da tamolar ta kuɓuto daga cunkoson, kafin ta iso gare ta sai na ga ta waiga hagu, ta waiga dama, sannan ta tare ta da cikin ƙafar hagu, taɓawa ɗaya, ta tura wa wadda ke gaba. Wannan waige kafin ƙwallo ya iso, masu horaswa kan shekara suna cusa shi a kan manyan ƴan wasa. Ita a yashin Komadugu ta same shi, da rani in ruwa ya janye, tare da yayyenta maza da tamolar tsumma. Ba ta taɓa kallon wasan mata a talabijin ba, ba ta ma san ana yin sa ba.

Da ta kai sankiyam sai ta fara noƙewa. Na bi ta gida. Mahaifinta dattijo ne mai sanyin magana, manomin tattasai da ya rabu da gonarsa, yanzu yana ƙwadago a gonakin wasu. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, Allah ya yi wa ƴarka baiwa. Na zo roƙon a bar ta ta riƙa tsayawa kaɗan bayan an tashi." Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Madam, ni ban ce haramun ba ne. Amma faɗa mini, in ta yi ta buga abin nan, ina za ta da shi? Da wa za ta buga? Wa zai ɗauke ta? Yayanta ma da yake namiji ga shi nan zaune." Ba ni da wata gasa ta ƴan shekarunta da zan nuna masa, mai ranaku sanannu, da matar da ke kula da yaran, da kofin da ake bugawa duk shekara. Tsohon nan da bai taɓa shiga aji ba ya sa yatsa daidai kan ciwon. Mu muna ta gardamar ko ya dace mace ta buga, shi kuwa hanya yake tambaya.

Hanyar akwai ta, kuma ba sai an bar ƙasar Hausa za a ga wadda ta bi ta ba. Halimatu Ayinde a Kaduna aka haife ta, a 1995. Ƴar tsakiya ce, irin waɗanda mai sharhi ba ya yawan kiran sunansu, amma ranar da ba su a fili kowa sai ya gane. Ta buga kofin duniya na ƴan ƙasa da shekara 17 a Azarbaijan a 2012. A 2014 tana cikin ƴan ƙasa da 20 da suka kai wasan ƙarshe a Kanada, inda Jamus ta ci 1-0 bayan ƙarin lokaci, kuma a shekarar nan ta ɗauki kofin Afirka tare da Super Falcons a Namibiya. A lokacin Delta Queens ta Asaba take buga wa. A 2015 ta tafi Western New York Flash ta Amurka. Zaman bai yi tsawo ba, aka sallame ta, wadda ba ta da zuciya da nan ta tsaya. Ita ta nufi Minsk ta ƙasar Belarus, daga can ta shiga Suwidin ta ƙaramar ƙungiya, ta haura Eskilstuna, ta kai Rosengård ta birnin Malmö, ta ɗauki kofin ƙasar da su. Kofin duniya na manya sau uku ta je, 2015 da 2019 da 2023. Ta sha ɗaci ma: a 2022 an kore ta da jan kati a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka da Maroko a Rabat, Najeriya ta faɗi a bugun fanareti. A 2023 tana tsakiyar fili a Brisbane lokacin da suka riƙe Ingila canjaras har minti 120, fanareti ya sake raba su. A Yulin 2025 ta koma Rabat ɗin, aka fara cin su 2-0, suka farke suka ci Maroko 3-2, kofin Afirka na goma ga Najeriya.

Abin da nake so a lura da shi a wannan tafiya shi ne kowane mataki da ta taka an riga an gina shi kafin ta iso. Akwai ƙungiyar da ke biyan albashi, akwai gasar ƙasa da ake bugawa kaka bayan kaka, akwai ƙananan ƙungiyoyin ƙasa da ke tace yara tun suna ƴan 15, akwai masu zuwa kallo su rubuta suna. Baiwarta tata ce, amma tsanin ba ita ta sassaƙa shi ba. Kuma ko ita ɗin, sai da ta bar arewa ta gangara har bakin Kwara kafin duniya ta san ta. Manyan ƙungiyoyin mata na arewacin Najeriya da ake ji a gasar ƙasa ba su da yawa, irin su Nasarawa Amazons ta Lafiya da Adamawa Queens ta Yola. A 2000 ma hukumar jihar Zamfara fitowa ta yi ta hana ƙwallon mata ɗungurungum. To in a inda ake da kofin Afirka goma ƴar arewa sai ta yi ƙaura, ina ga ƴar Diffa?

Wasu za su ce ai wannan al'adarmu ce, mu ba Turawa ba ne. Su je su bincika tarihin Turawan. A Ingila an taɓa tara ƴan kallo 53,000 a filin Goodison Park a Disambar 1920 don wasan mata, shekara ta zagayo hukumar ƙwallon ƙasar ta hana mata filayenta, haramcin ya yi shekara 50. Sikotilan ta fi haka taurin kai. A 1971 da hukumar ƙwallon Turai ta nemi ƙasashe su karɓi wasan mata, ita kaɗai ta ƙi, ba ta sakko ba sai 1974.

A wannan zamani Rose Reilly ta tashi. An haife ta a 1955, ta girma a wani ƙaramin gari mai suna Stewarton. Tana yarinya sai da aka yi mata askin maza aka sauya mata suna kafin ta samu shiga ƙungiyar yara. Tana cikin waɗanda suka buga wa Sikotilan wasanta na farko a hukumance, da Ingila, a Greenock a Nuwambar 1972, aka ci su 3-2. Da ta ga a gida ba abin da za ta zama, a 1974 ta tafi Reims ta Faransa, daga nan Milan. Ladan da ta samu daga hukumar ƙwallon mata ta ƙasarta shi ne dakatarwa ta har abada, ita da ƙawarta Edna Neillis. Italiya ta rungume ta. Ta ɗauki kofin gasar Italiya sau takwas, ta sa rigar ƙasar, kuma a 1984 ta ci ƙwallo a wasan ƙarshe na gasar Mundialito, wadda a lokacin ita ce ke tsaye a matsayin kofin duniya na mata, Italiya ta doke Jamus ta Yamma 3-1. Sai a 2007 Sikotilan ta saka sunanta cikin gwarzayen ƙwallonta, ita ce mace ta farko da aka saka. Ƙasar ta haifi ɗaya daga cikin fitattun ƴan wasan zamaninta, wata ƙasa ta ci moriyar.

Sai a dubi Kim Little, wadda aka haifa a 1990, ta tashi a ƙauyen Mintlaw can arewa maso gabashin ƙasar, nesa da manyan birane. Abin da ya bambanta ta da Rose Reilly shi ne a lokacinta akwai ƙungiyar ƴan mata a yankinsu, Buchan Girls, inda ta shiga tana ƴar shekara goma. Daga nan Hibernian ta Edinburgh, tana 16 ta fara buga wa ƙasa, a 2008 Arsenal ta ɗauke ta. Ta buga a Amurka da Ostireliya, ta sa rigar Sikotilan sau 140, kuma a Mayun 2025 ita ce kyaftin ɗin Arsenal da ta ɗaga kofin zakarun Turai a Lisbon bayan doke Barcelona 1-0. Jinin mutanen ƙasar bai sauya ba tsakanin 1955 da 1990. An dai samu wasu da suka kafa ƙaramar ƙungiya kusa da ƙauye, suka riƙe ta. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba ta je gasar Turai a 2017, ta je kofin duniya a 2019. Mu mun haura miliyan 25.

A Nijar gasar mata akwai ta, hukumar ƙwallon ƙasa, FENIFOOT, ke shiryawa, kuma ban raina ƙoƙarin waɗanda suka tsaya har aka kai nan ba. Amma ƙarfin duk yana Yamai, galibi a hannun ƙungiyoyin masu kaki. AS Police ce ta wakilce mu a zagayen share fage na gasar zakarun ƙungiyoyin mata ta Afirka a 2021, daga baya AS GNN ta Garde Nationale ta karɓa. Ba laifinsu ba ne, su ke da fili da mota da likita da ɗan abin sakawa a aljihu. Sai dai sakamakon shi ne ƙungiyar ƙasa, Mena, daga ƙaramin tafki ake kamo ta. Tsakanin Diffa da Yamai akwai sama da kilomita 1,300. Ko Damagaram da muke kira maƙwabciya kusan 470 ce. Wane uba ne a Shetimari ko Boso zai ɗora ƴarsa mai shekara 14 a mota, kwana a hanya, ta je gwaji a garin da ba ta san kowa ba? Ni kaina ba zan ba shi shawarar haka ba. In wasa ya matso sai a tara waɗanda ke kusa, a yi musu sansanin ƴan makonni, a tura su gaban matan da ke buga gasa a Faransa da Sifaniya da Suwidin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaran nan da ake yi wa dariya sun fi mu jarumta, don su suka tsaya minti 90 suna ɗaukar abin da sakacinmu ya jawo.

Duk manomin tattasai a bakin Komadugu ya san ba a watsa iri a gona a koma gida jiran ja. Sai an yi reno a ɗan wuri, an kare shi daga rana da dabba, an yi dashe, an bi da ban-ruwa wata da watanni kafin a ga abin shanyawa. Renon ne ba mu yi, muke kukan rashin buhu.

Na san damuwar iyaye, kuma ban ɗauke ta ƙauyanci ba, don ni ma uwa ce. Ta farko sutura. Wannan kam an wuce wurin. Tun 2014 masu dokokin ƙwallo na duniya suka amince mace ta rufe kanta a fili. A Yulin 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya da hijabi a Adelaide, suka ci Koriya ta Kudu 1-0. Dogon wando, riga mai dogon hannu da ta sauko, hijabin da ba ya shaƙe wuya, duk telan kasuwar Diffa zai iya ɗinka su. Ta biyu cuɗanya da maza da idon ƴan kallo. Maganinta fili mai katanga da sa'a sananniya, a shigo da iyaye mata su zauna su gani, a hana zaunar samari a kan bango. Malamanmu sun san ruwayar tseren da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha. Motsa jikin mace ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Abin da ya rage shi ne sharuɗɗa, kuma na fi so a zauna da limaman unguwanni tun farko su faɗi nasu a rubuta, da a yi abin a ɓoye su ji daga baya a bakin mutane.

Ta uku ita ce mafi nauyi, ita ce kuma aka fi ƙin faɗa a fili: tsoron abin da babban namiji mai iko kan yarinya zai iya yi mata. Wannan tsoro yana da tushe. A 2021 asiri ya tonu a ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƴan matan Mali, Human Rights Watch ta fitar da rahoton cin zarafin da aka daɗe ana yi, har aka kama mai horaswar. Duk wanda ke son ƙwallon mata da gaske dole ya fi kowa tsanani a nan. Kada a yi atisaye ba babbar mace a wurin. Kada a yi tafiya ba uwa cikin mota. Kada mai horaswa ya riƙe lambar wayar yarinya, ta mahaifiyarta zai riƙe. Kuma a horar da mata su zama su ne masu horaswar. Muna nan, malaman motsa jiki mata da tsoffin ƴan wasan makaranta, abin da muke buƙata kwas ne na lasisin farko da za a kawo mana nan Diffa, maimakon a ce sai mun je Yamai da kuɗin aljihunmu.

Akwai kuma masu cewa Diffa na da abin da ya fi ƙwallo. Gaskiya ne. Bayan harin Fabrairun 2015 a Boso da Diffa aka saka mu cikin dokar ta-ɓaci. An hana babur, an taɓa hana cinikin tattasai da kifi, garuruwa sun watse, sansanin Sayam Forage ya cika da ƴan gudun hijira, ga ambaliyar kogi da ta cinye gonaki a 2019 da 2022. Ba wanda zai koya mini wannan, a ajina nake ganin sa kowace safiya. Amma cikin wannan hali aka yi bikin Diffa N'Glaa a Disambar 2021. Cikinsa aka kawo gasar kokawa ta takobin ƙasa a ƙarshen 2022, Issaka Issaka na Doso ya ɗauka, gari ya cika ya batse, kowa ya ce wasa ya dawo wa Diffa da ranta. Na yi murna kamar kowa. Yara maza kuwa ba su taɓa daina buga gasar unguwanni da hutu ba, attajirai na saka kofi, ana yanka rago. Ba a taɓa ce musu su jira sai tsaro ya daidaita ba. Sai an zo kan mata ake tuna cewa lokaci bai yi ba.

Abin da muke samu a maimakon gasa shi ne wasan rana ɗaya. Ranar 8 ga Maris ko 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wata ƙungiyar agaji za ta zo da riguna masu tambarinta, a tara yara daga makarantu biyu, a buga rabin sa'a, a ɗauki hoto, a raba lemo. Washegari an kwashe raga, tamolar ta shiga ofis. Ina ganin fuskokin yaran bayan kwana biyu in suka zo suna tambaya, "Madam, yaushe za a sake?" Niyyar masu yin mai kyau ce, amma da kuɗin rigunan rana ɗaya da na rumfa da na lasifika za a iya sayen tamola da biyan alƙalin wasa na wata uku. Ina roƙon su, in za su taimaka, su taimaki abin da zai maimaitu mako bayan mako ko da ba hoto.

Ba ina cewa kowace yarinya za ta zama Halimatu ba. Cikin ɗari da wuya ɗaya ta ci abinci da ƙafarta, kuma ƙarya ne a yi wa iyaye alƙawarin dala. Amma sauran ba su yi asara ba. A ƙasar da alƙaluman UNICEF ke cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, duk abin da zai ƙara wa yarinya dalilin zuwa aji abin riƙewa ne da hannu biyu. Gwamnati ta fitar da doka a Disambar 2017 don kare karatun ƴa mace, amma doka ba ta tashin yarinya da asuba. Na ga wadda lissafi ya gagara, tana shirin gudu, ta zauna har jarrabawar BEPC saboda sharaɗina ɗaya ne: wadda ba ta zo aji ba ba ta taɓa tamola. Daga cikinsu za a samu malamai da masu horaswa da alƙalan wasa. Zouwaira Souley ƴar Nijar ce, kuma ta kai matsayin da hukumar ƙwallon Afirka ke kiran ta ta busa wasannin mata.

Maroko ƙasar Musulmi ce kamar tamu. A 2020 hukumarsu ta yanke shawarar zuba kuɗi a gasar mata, ta ɗauki nauyin albashi, ta buɗe wa ƙananan yara hanya. A 2022 suka kai wasan ƙarshe na Afirka. A kofin duniya na 2023 Jamus ta yi musu 6-0 a wasan farko, ba wanda ya ce a rufe, suka ci wasa biyu a jere suka haye zagaye na gaba, Jamus ɗin ta koma gida. Ba mu da aljihun Maroko, na sani. Amma ba hannu rabbana muke ba. A tsarin tallafin FIFA na 2023 zuwa 2026 kowace hukumar ƙasa na iya samun har dala miliyan takwas, kuma shirya gasar mata na cikin abubuwan da ake dubawa. Tun 2022 hukumar ƙwallon Afirka ke shirya gasar makarantu ta yara maza da mata, wata makaranta daga Dodoma ta Tanzaniya ce ta fara ɗaukar kofin mata a 2023. Haƙƙinmu ne mu tambayi shugaban FENIFOOT da reshen hukumar na jiharmu: cikin wannan kuɗi nawa ne ke ƙetare Damagaram da sunan ƴan mata?

Abin da nake nema bai kai a kira taro a otel ba. Kolej-kolej na cikin garin Diffa su fitar da ƙungiya ɗaya-ɗaya ta ƴan siziyam da sankiyam. A buga tsakaninsu gida da waje daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da rana ke da sauƙi. A sa wasan ranar Alhamis da yamma, da yake makarantun allo na hutu, kuma a kauce wa Asabar da Lahadi don a lokacin ne ake kwashe yara tsinkar tattasai, in aka yi karo da gona gona ce za ta ci. A ware musu sa'a biyu a filin wasa na jiha, a rubuta a manna a ƙofa, don kada manya su zo su kore su. Maine Sorowa ta yi nata, N'Gigmi ta yi nata, Gudumariya ta yi nata, a ƙarshen kaka zakarun su haɗu a Diffa da rana, su koma gida kafin magariba in hanya ta ba da dama. Ranar nan kuma a turo mai horas da ƙungiyar ƙasa ta ƴan ƙasa da 17 ya zauna da littafi da biro. Shi ya kamata ya yi tafiyar kilomita 1,300.

Akwai wani ƙaramin abu da zai iya rushe duk wannan in ba a fara da shi ba, wato takardar haihuwa. Ba a yi wa ɗan wasa lasisi sai da ita, ba a shiga gasar masu ƙayyadaddun shekaru sai da ita. Da yawa daga yaran da suka taso daga bakin kogi da tsibiran tafkin Cadi ba a taɓa yi musu ba, wasu kuma ta ƙone ko ta ɓace a gudu. Mu malamai mun san su ɗaya bayan ɗaya, don matsalar kan taso mana duk lokacin rajistar jarrabawa. Alƙalai kan fita zaman yi wa jama'a takardu a unguwanni da sansanoni. Ina roƙon hukumar ilimi ta jiha da ma'aikatar gari su sa a yi irin wannan zama a makarantu cikin Oktoba, da an koma aji, mu kuma mu kawo jerin sunayen, domin zuwa Nuwamba kowace yarinya da za ta shiga fili ta shiga da katinta a hannu.